Katangar da Ruwan Alwala Ya Gina

Bana azumi ya sake faɗowa a tsakiyar bazara, irin bazarar da za ka zuba ruwa a buta da hantsi, kafin azahar ya yi zafin da za a iya haɗa shayi da shi. Jikokina sai birgima suke a kan tayil suna nishi, wai su za su mutu, alhali ga fanka mai caji, ga ƙanƙara ana kawowa har ƙofar gida kafin magariba. Ni dai kallonsu nake ina dariya. A irin wannan rana ce babban ɗana, Abba, ya shigo mini da wani magini riƙe da abin awo, suka nufi gabashin gidan kai tsaye.

"Inna, bulo za a sa a nan," in ji Abba. "An zagaye gida da siminti, sai wannan ɓangaren ya zauna kamar gonar ƙauye? Wallahi in abokaina suka zo kunya nake ji."

Na ce, "Kunya? To madalla. Ka ce wa bawan Allahn nan ya jira a zaure, kai kuma zo ka zauna nan."

Abin da yake kira gonar ƙauye katangata ce. Zogale ne a jere, tsakaninsu shuwaka, ƙasa lalle ya cushe, sama soso da ugu, ganyen miyar nan na Inyamurai, sun yi yaɗo a kan gwangwala, ga gwangwanaye a rataye da na'a-na'a da ɗoɗɗoya. Ni na gina ta da hannuna, ba bulo ko ɗaya a cikinta, kuma har gobe in na dube ta sai na ji kaina ya yi girma. Ba na ɓoye wannan.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, tela ne a wani lungu kusa da Kantin Kwari. Ya rasu ya bar ni da yara biyu, Abba da ƙanwarsa Sa'a, da wannan ɗan gidan namu na Fagge, wanda a lokacin duk na ƙasa ne. Ban daɗe da fita takaba ba damina ta kankama, aka shiga marka, ruwa ba dare ba rana, har tufafi suka fara wari a ɗaki. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san katangar gabas ita ce mai shan wahala, domin daga can hadari ke tasowa, ita ruwa ke fara duka. Kowace shekara marigayi kan yi mata yaɓe kafin ruwa ya sauka. A shekarar nan babu wanda ya yi. Wata safiya ina tsugune ina fama da jiƙaƙƙen itace, sai na ji rugum! Na waiwaya, sai ga ni ga layi, ga mutane masu zuwa masallaci suna kallona da ludayi a hannu.

Allah Ya tsare, ba ta faɗa wa kowa ba. Amma daga ranar gidan ya zama kasuwa. In na yi shanya, duk unguwa ta san launin zanena. In na ɗora tukunya, an san ko da nama ko babu, kuma yawanci babu. Ko banɗaki zan shiga sai na leƙa na ga ba mai wucewa. Na sayi zana na kafa, gara ta ci ƙasanta, awaki suka ci samanta, abin da ya rage iska ta yi gaba da shi. Na sake kafa wata, ita ma haka. Sana'ata a lokacin koko da ƙosai ce, abin da nake samu bai wuce cikinmu ba, balle a yi maganar magini.

Sanyi yana gab da fita sai ga Yaya Mudi, yayan maigidana, wanda yara ke kira Baffa. Dogo ne sosai, sai ya sunkuya yake shiga zaure. Buhunan wofi yake sayarwa a Kasuwar Singa, shi ma ba wani mai hali ba ne, ga nasa iyalin. Bai ma bi ta zaure ba ranar, ta wajen da katanga ta faɗi ya taka ya shigo, don in gane abin da yake nufi.

"Rabi," ya ce, "ba ƙinki nake ba, Allah Ya sani. Amma 'ya'yan ƙanina ba za su tashi a bakin titi ba. Mace ita kaɗai, gida ba sutura? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ke kuwa naki ba tsagewa ya yi ba, babu shi ne gaba ɗaya. Na ba ki zuwa babbar Sallah. In na zo na tsaya a layi na hango tsakar gidan nan, ranar zan tafi da yaran, ke ki koma wajen iyayenki, gidan a sayar a ajiye wa marayu rabonsu."

Ni dai ba a san ni da rufe baki ba. Na ce, "Yaya, in ka tsaya ba ka hango ba fa?"

"In ban hango ba, ke da gidanki da 'ya'yanki, Allah Ya raya."

Na riƙe wannan maganar da kyau. Ya ce kada ya hango, bai ce da me za a tare ba. Sai dai a ranar ni kaina ban san abin da zan yi da ita ba. Da ya fita, ɗaki na shiga na yi kuka mai isata, don ko kukan ma ba ya yiwuwa a tsakar gida.

Washegari na tafi kasuwar Sabon Gari sayen attaruhu, na biya ta rumfar Maman Emeka. Inyamura ce mai sayar da ganye, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar ta kakarta. Marigayi shi ke ɗinka mata kayan zuwa coci, daga nan muka saba, har ta zo mini gaisuwa da ya rasu. Tana ganina ta ce, "Maman Abba, wa ya taɓa ki? Idonki ya yi ja." Ban yi niyyar faɗa ba, amma sai ga shi na zazzage mata komai a tsakiyar kasuwa.

Ba ta tsaya cewa Allah sarki ba. Ta bar wa maƙwabciyarta rumfa, ta kama hannuna, muka ratsa layukan Sabon Gari har gidan hayar da suke. Ta kai ni bayan ɗakinta. Tabɗi! Wani ɗan tsukin wuri ne da bai fi shimfiɗar tabarma ba, amma daga ƙasa har sama ganye ne shar, ba ka ganin abin da ke bayansa.

"Leƙa," ta ce. "Me kike gani a wancan gidan?"

"Ba na ganin komai."

"To akwai mutum yana wanki a can. Ni ma ba bango gare ni ba, mai gidan ya ƙi ginawa. Na ce to ya riƙe simintinsa."

Na ce, "Maman Emeka, wannan ai sai ku. Ni ko barkono ban taɓa shukawa ya yi ba."

Ta harare ni. "Kin haifi yara biyu kin raya su, itace ne zai gagare ki?"

Masu lambun da ke kawo mata kaya ta roƙa, suka sassaro mana rassan zogale masu kauri, tsawonsu ya kai ƙirjina, aka turo su a amalanke. Ina ɗokin kafawa a ranar, ta ce a'a, a jingine su a inuwa bakin saran ya bushe tukuna, in ba haka ba ruɓewa za su yi. Ran da muka fara, ita da dagi ni da fartanya, muka bi layin tsohuwar katanga muna haƙa ramuka. Ƙasar wurin ta yi tauri don ƙasar gini ce, sai da hannuna ya yi kanta. Kowane rami muka zuba takin awaki da tokar murhuna saboda gara. Zogale ya zama ginshiƙi, muka soka shuwaka a tsakani, lalle a ƙasa, muka gitta gwangwala muka ɗaure da igiyar kaba. Ta waje muka jera ƙaya don awaki, ta ciki na rataya tsofaffin zannuwa da buhuna. Yara ta sa suka yi ta tsinto gwangwanayen madara da na tumatir, aka huda gindinsu aka cika da ƙasa.

Da muka gama, na ja baya na duba. Wallahi abin dariya ne, sanduna ne tsirara a jere da tsummokara. Wata maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Rabi, turken awaki kike kafawa ne?" Na ce mata eh, nata zan fara ɗaurewa.

Sai zafi ya sauka, azumi ya biyo bayansa, famfo kuma ya ɗauke. Ba na mance wannan bazarar. Kwanon ɗaki yana ƙara da rana kamar ana taka shi, ƙasa ba ta takuwa ba takalmi, iska in ta kaɗo ma zafi take kawowa. Duk Fagge a tsakar gida ake kwana, mu kuwa a ɗaki muke dafuwa, don ba zan shimfiɗa tabarma a gaban masu wucewa ba. Sa'a duk ƙuraje suka feso mata a wuya. 'Yan garuwa suka zama sarakai, sai ka bi su da magiya. Abin da nake iya saye a yini, da shi za a dama koko, a dafa wake, a sha, a yi wanka. Sahur ɗumamen tuwo ne in an samu, shan ruwa kunun tsamiya, wata rana da sukari wata rana haka nan. Ƙosan da nake soyawa na sayarwa ne, mu sai ɓarɓashin ƙasan kasko.

Da me za a ba itace ruwa? Maman Emeka ta kafa mana doka. Ruwan da aka wanke wake, gindin shuka. Ruwan ɗauraya, in ba sabulu, gindin shuka. Ni kuma na ƙara tawa, na ce daga yau ba mai yin alwala a bakin kwata, kowa ya ɗauki buta ya je gindin zogale. Na raba mana, wannan na Abba, wannan na Sa'a, sauran nawa, ina zagayawa. Ita kuma baiwar Allahn nan, da tsakar rana, lokacin da ni ko ɗaga hannu ba na iyawa, sai ka gan ta ta ratso daga Sabon Gari da jarka a ka, ruwan rijiyar gidansu, gumi har gwiwa. In na ce ta bari, sai ta ce, "Ke ce mai azumi, ni na ci na ƙoshi. Matsa mini."

Duk da haka bai isa ba. Katangar doguwa ce, mu uku ne, ɗaya ma alwalarta wasa ce. 'Yan tohon da suka fara fitowa suka yi yaushi suka zube. Shuwakar can ƙarshe ta bushe ƙayau. Kafin azumi ya raba, sanduna suka koma yadda aka kawo su, har ma sun fi muni. Na zauna a gabansu wata la'asar, leɓena ya tsage, na ce shi ke nan, Yaya Mudi ya yi nasara. Maman Emeka ta zo ta same ni haka. Ta sa farce ta kankare bawon ɗaya, ta nuna mini. Cikinsa kore ne.

"Da sauran rai," ta ce. "Ruwa kawai suke nema. Amma ni ma rijiyarmu ta fara ja da baya."

Ranar na raka ta bakin layi, muka wuce ta gefen ɗan masallacin unguwa. A nan idona ya sauka a kan wani abu da na yi shekaru ina wucewa ban taɓa lura da shi ba. Duk unguwa ta bushe, ko tsinken ciyawa babu, amma wajen da maza ke alwala ciyawa ce kore shar, ƙasa a jiƙe, ruwa yana gangarawa kwata. Masu hali na unguwa kan sayi ruwa su cika randar masallaci sadaka, balle da azumi, ga jama'a sun ƙaru, ga asham. Na tsaya cak. Na ce, "Maman Emeka, dubi ruwana yana tafiya kwata."

Ladanin masallacin tsoho ne, Malam Iro, mu dai Baba Ladan muke ce masa. Da aka sha ruwa na aika masa da kunu, na ce a roƙe shi ya tsaya ta bayan buhunana zan yi magana da shi. Ya zo, na gaishe shi, na faɗa masa buƙatata, a dawo da randa da duwatsun da ake zama a kai zuwa gefen shukata. Ina jin ƙarar carbinsa ta bayan buhu.

"'Yar nan," ya ce, "ruwan alwala ruwa ne mai tsarki, kuma gara itace ya sha da kwata ta sha. Amma kin san bakin mutane?"

Na ce, "Baba, na sani. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. 'Ya'yana za a tafi da su."

Washegari da hantsi shi da kansa ya mirgino duwatsun. Muka haƙa 'yar hanya a gaban kowane dutse, ta zagayo ta koma gindin shuka, muka yi wa kowane itace ɗan gurbi da zai riƙe ruwa. Da azahar ina daga ciki, na ji ƙarar butoci, na ji ana kurkure baki, sai ga ruwa yana silalowa a hankali yana shiga gurbi ɗaya bayan ɗaya, ƙasa tana shanyewa tana 'yar ƙara. Ina azumi, maƙogwarona a bushe, amma wallahi ji na yi kamar ni ke sha.

Bakin mutane kuwa bai yi jinkiri ba. Aka ce bazawara ta jawo mazan unguwa bakin dangarta, sau biyar a yini. Magana ta yi ƙafa har Singa. Sai ga Yaya Mudi wata la'asar, ransa a ɓace, ya tsaya a layi yana ɗaga murya.

"Rabi! Na ce ki rufe gida, ke kuma sai ki tara masa 'yan kallo? Wannan wane irin rashin ta-ido ne?"

Ina shirin ba shi amsa, kuma da na ba shi da an ji mu a Kwari, sai Baba Ladan ya riga ni. Ya miƙa masa buta ya ce, "Malam Mudi, lokaci ya yi, yi alwala tukuna, faɗan ba zai gudu ba." Yaya ya karɓa yana huci, ya zauna a kan dutse, ya juya ya fuskanci alƙibla kamar yadda kowa ke yi.

"To, me kake gani a gabanka?" in ji Baba Ladan.

"Bangon gidan can na tsallake."

"Gidan Rabi fa?"

Yaya ya waiwaya. Can ya ce, "Yana bayana."

"To haka yake bayan kowa. Katangar gabas ce ta faɗi, mai alwala kuwa gabas yake kallo. Da can da muke wancan gefen ne ma ake hango ta. Yanzu ƙeya kawai muke ba ta."

Ina bayan buhu na toshe bakina da mayafi don kada dariya ta fito. Ruwan alwalar Yaya kuwa ya bi hanyarsa ya shige gindin wani ɗan zogale da na riga na fid da rai da shi. Da ya idar da salla bai shigo ba, daga waje ya ce, "Maganata tana nan, Rabi. Babbar Sallah." Na ce Allah Ya kai mu.

Kafin a ga watan Sallah, sanduna suka farka. Toho ya fito ta ko'ina, ƙanana-ƙanana, kore mai haske. Maza suka fara sa ido a kan abin, kowa ya zaɓi dutsensa, har gardama suke, wannan ya ce nasa ya fi tsawo, wancan ya ce ai don kai ɓarnar ruwa gare ka. Wani mai shayi da ba a cika ganinsa a jam'i ba sai ga shi ba ya fashi, wai kada nasa ya mutu. Baba Ladan ya ce da ya san haka ne da tuni ya shuka zogale a ƙofar masallaci.

Sai wata jarrabawar. Ga ganye a gabanmu, ga yunwa, miya kullum kuka ce lami. Sa'a ta miƙa hannu za ta tsinka, na buge hannun. Na ce kowane ganye a nan bulo ne, ba mai taɓa mini. Zogalen ya yi ta miƙewa sama, ina murna ya kusa kai tsawon Yaya. Maman Emeka ta zo ta duba, ta ce in kawo wuƙa.

"Me za ki yi?"

"Kansu zan yanke."

Na ce, "Ina! Tsawon da na sha wahala a kai? Yaya Mudi fa dogo ne!"

"Maman Abba, zogale in kin bar shi, sama zai tafi ya bar ki tsirara a ƙasa. Yanke kansa, ya yi rassa ta gefe."

Na ba ta wuƙar, na juya baya don ba zan iya kallo ba. Daren nan muka ci kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, yara har suna side kwano, ni kuwa da ƙyar ya wuce mini. Amma gaskiyarta. Duk inda ta yanke, rassa suka fito ta ko'ina suka sarƙe da na kusa. A lokacin ne muka binne irin soso da na ugu a gindin gwangwala, muka rataya gwangwanaye a duk inda ya rage kafa.

Bayan Sallah jama'ar masallaci ta ragu, zafi kuwa ya ƙaru, amma saiwa ta riga ta kama. Muka yi ta kallon gabas. Hadari ya haɗu ya watse, ya haɗu ya watse. Ran da ya zo da gaske, gari ya yi baƙi da yamma, iska ta taso tana kwasar kwanukan mutane. Na rungume yara a bakin ƙofar ɗaki ina salati, don daga wannan gefen ne aka rushe ni bara. Ina kallo iska ta kwantar da zogalen nan har ya kusa taɓa ƙasa, buhunana suka tashi sama. Na ce wayyo Allah, aikina! Iska ta wuce, sai ga su sun miƙe, ɗaya bayan ɗaya, ruwa yana zuba a kansu. Ƙamshin ƙasa ya cika gidan. Na fita cikin ruwan da zanena ina taɓa su, ba ko ɗaya da ya karye.

Daga nan kuma sai abin ya zama kamar ana ja da igiya. Soso ya haye gwangwala, ugu ya bi shi, shuwaka ta yi ganye faffaɗa, lalle ya toshe ƙasa har kaza ba ta wucewa. Da kaina na kwance sauran tsummokaran, ban bar ko ɗaya ba.

Washegarin babbar Sallah Yaya Mudi ya zo. Na hango shi ta zaure, ƙullin nama a hannu ɗaya, a hammatarsa kuma sabon buhu a naɗe. Na san na mene ne, na kayan yara ne. Sai na ce wa Sa'a ta tsaya a tsakiyar gida da jar atamfarta ta Sallah, wadda ko daga nesa ba ta ɓuya.

Bai shigo ba. Ya bi layi tun daga farkon katangar har ƙarshenta, ina jin takunsa. Ya dawo. Ya yi ɗage, dogo da shi. Ya sunkuya. Mutanen masallaci sun taru a gefe suna kallo. Can na ji ya ɗaga murya.

"Sa'a! Kuna ciki kuwa?"

"Ga ni nan, Baffa, a gabanka nake!"

"A gabana ina?"

Mai shayi ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka ɗauka. Yaya ya zagayo ta zaure, ya yi sallama, ya sunkuya ya shigo. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwar katangar, na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallon ganyen, ya kalli yaran, ya kalle ni.

"Gani ya kori ji," ya ce. "Rabi, ashe ƙanina mace ya bari a gidan nan." Ya zaro buhun daga hammata ya ajiye a gabana. "Tunda na zo da shi, kada ya koma wofi. Zuba mini na miya."

Na cika masa shi da zogale da shuwaka, na danna, na ƙara. Hawaye yana zuba a kan ganyen, ban damu da wanda ya gani ba. Da yamma na aika wa Maman Emeka ƙullin naman da ya kawo sukutum, ta dawo mini da rabi wai ita ba ta cin hakkin marayu. A ranar muka fara kwana a tsakar gida.

Yau Yaya Mudi da Baba Ladan duk sun riga mu gidan gaskiya. Masallacin an yi masa famfuna da tayil, ruwan yana bin bututu ya tafi kwata, ba wanda ke ganinsa. Maman Emeka ta tsufa, tana wajen ɗanta, amma har yanzu in shuwakata ta yi sai na aika mata, ita kuma sai ta aiko a ce mini ban iya yanka ba. Zogalen farko sun daɗe da tsufa, waɗannan rassansu ne na sake kafawa a ramukan da muka haƙa.

Da na gama ba Abba labarin nan, sai na dube shi. Ga shi da furfura a gemu, ga shago a Kwari, amma ya sunkuyar da kai kamar yaro. Can ya ce, "Inna, na tuna buhun nan. Ni na ɗaukar wa Baffa shi har bakin titi. Na ɗauka tsaraba ce kawai."

Na ce, "Tsaraba ce. Da katangar nan ba ta rufe ba, kayanka ne za ka ɗauka a ciki."

Aka kira la'asar. Ya tashi ya leƙa zaure, na ji yana ba magini haƙuri, yana cewa a bar maganar. Ya dawo, ya wuce famfon banɗaki bai tsaya ba, ya ɗauki tsohuwar butata ya cika, ya je gindin zogale ya tsuguna, ya naɗe hannun riga.

Na ce, "Matsa hagu kaɗan. Na ƙarshen nan ya fi jin ƙishi."